Mai bes a layin baya: nazarin yadda ɗaliban Amurka ke tura kiɗan jaz a yi musu gyara

Duk shekara idan sanyi ya kankama a Amurka, makarantun sakandare da dama kan duƙufa kan aiki iri ɗaya. Malamin kiɗa zai tara yaransa, su kusan ashirin, a ɗakin gwaji. A kafa makirufo, a kaɗa kiɗe-kiɗe uku, galibi na Duke Ellington, shahararren mawallafin kiɗan jaz kuma mai fiyano, a naɗa, a tura birnin New York. A can wasu ƙwararru za su saurara ba tare da an gaya musu sunan makarantar ba, su rubuta abin da kunnensu ya jiye musu, a mayar wa malamin. Daga cikin waɗanda suka turo ne ake zaɓar ƙungiyoyin da za su je gasar ƙarshe a watan Mayu, yawanci guda 15. Sunan shirin Essentially Ellington, kuma cibiyar Jazz at Lincoln Center ce ke gudanar da shi tun tsakiyar shekarun 1990, ƙarƙashin jagorancin mabushin nan Wynton Marsalis. Da makarantun yankin New York aka fara, daga baya aka buɗe wa dukan Amurka da Kanada.

Mutum ɗaya ne a cikin yaran nan ya ja hankalina: wanda ke tsaye a baya, gefen mai ganga, rungume da bes.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, ya ƙaddara goge ne aka kumbura shi har ya kai tsayin namiji, aka tsayar da shi a ƙasa bisa wani tsinken ƙarfe. Jikinsa katako ne mai rami a ciki. Tsirkiya huɗu gare shi, kowace ta haura mita ɗaya kaɗan a tsawon da take kaɗawa. Wuyansa sumul yake, babu ƙarafan nan na jita da ke nuna wa yatsa inda zai sauka, saboda haka kunne ne kawai jagora. Ana iya goga shi da baka irin wanda ake goga goge da shi, amma a jaz yawanci da gefen yatsa ake fizgar tsirkiyar. Aikinsa na yau da kullum shi ne abin da makaɗan ke kira tafiya: sauti ɗaya a kan kowane bugu, huɗu-huɗu, ba tsayawa, tun daga farkon kiɗa har ƙarshensa. A kan wannan tafiya kowa ke ɗora ƙafarsa. Idan ta yi kyau, masu busa ake yabawa. Idan ta ɓaci, dukan ƙungiyar ce za ta yi ta tangaɗi, kuma mai sauraro ba lallai ya gane daga ina ɓarnar ta taso ba.

Takalmin da aka ba yaro ya saka

Ɗalibin da aka miƙa wa takardar da aka rubuta sautukan bes na kiɗan Ellington, musamman na 1940 zuwa 1941, an ba shi takalmin wani saurayi ne da bai girme shi da yawa ba. Jimmy Blanton ɗan garin Chattanooga ne a jihar Tennessee, an haife shi a 1918. Ellington ya ji shi a St. Louis a 1939, ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa yana ɗan shekara 21. A lokacin ƙungiyar tana da mai bes, Billy Taylor, don haka na ɗan wani lokaci su biyu suka riƙa tsayawa tare, kafin Taylor ya bar wurin a farkon 1940.

Kafin Blanton, abin da aka fi sani da bes shi ne riƙe bugu da dafa tushen kowane sauti. Shi kuwa sai ya riƙa fitar da jimloli irin na mai busa, da gudu da lanƙwasa, ga kuma amo mai kauri da tsawo. Ellington, wanda tun zamanin tsohon mai bes ɗinsa Wellman Braud yake son a ji bes a faifansa, ya fito da shi gaba. A watan Maris na 1940 suka naɗi Jack the Bear, kiɗan da bes ne ke buɗe shi kuma shi ke rufe shi. A ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara, a Chicago, suka shiga ɗakin naɗi su biyu kaɗai, fiyano da bes, suka yi kiɗe-kiɗe huɗu. Ƙarshen 1941 tarin fuka ya raba Blanton da ƙungiyar, ya rasu a California a watan Yuli na 1942 yana da shekara 23.

Shekara biyu kacal ya yi a idon duniya. Duk da haka kusan duk wani babban mai bes da ya biyo baya daga faifansa ya sha. Ray Brown, ɗan Pittsburgh, ya sha faɗin cewa sauraron Blanton ne ya sa shi a hanya, kuma a 1972 shi da Ellington suka yi faifai na musamman don tunawa da shi. Wato tun asali ta hanyar naɗi wannan sana'a ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Abin da shirin na New York ya ƙara shi ne ya juya akalar: da yaro ke sauraron manya, yanzu manya ma suna sauraron yaro.

Takardun da ake raba wa makarantu ma daga faifai aka ciro su. David Berger, wanda ya yi yawancin aikin a shekarun farko, zama yake ya saurari tsohon naɗi, ya rubuta abin da kowane makaɗi ya kaɗa. Ba a sauƙaƙa komai don yara ba. Abin da Blanton ya fizga, shi ɗan aji biyar zai fizga.

Inda naɗi ke cin amanar mai bes

A nan ne lamarin ke da sarƙaƙiya, kuma a nan nake ganin masu koyo da yawa ke yin asarar gyaran da suka nema tun kafin su tura komai.

Tsirkiya mafi kauri a bes tana girgiza sau 41 ne a daƙiƙa. Sauran ukun, sau 55, da 73, da 98. Ƙaramar lasifikar waya ko ta kwamfutar cinya ba ta iya fitar da sauti mai zurfin haka, ko kusa. Abin da take fitarwa shi ne 'yan rakiya, wato siraran sautukan da ke hawa bisa uwar sautin, da ƙarar yatsa a kan tsirkiya, da ƙas-ƙas ɗin tsirkiya idan ta bugi katako. Kunne yana da wayon cike gurbin, shi ya sa mutum zai ji kamar ya ji bes. Amma kaurin amon, wanda shi ne abin da yaro ya shekara yana fasa yatsu a kai, bai iso ba. Sai ka ga an ce wa mai amo mai kyau amonsa siriri ne, alhali wayar mai sauraro ce siririya.

Ɗaki ma yana da nasa sharrin. Igiyar sautin da ke girgiza sau 41 a daƙiƙa ta haura mita takwas a tsawo, wato ta kai kusan tsawon ɗakin karatu guda. Idan irin wannan sauti ya bugi bango ya dawo, a wani lungu yakan ninku ya yi ruri, a wani kuma ya kashe kansa. Sakamakon shi ne wani sauti guda a tafiyar yaron zai riƙa yin tsawa duk lokacin da ya zo kansa, na kusa da shi kuma ya ɓace. Wanda ke sauraro daga nesa zai rubuta cewa hannun yaron ba daidai yake ba. Matsar da bes ɗin taku biyu daga kusurwa kan iya kawar da abin gaba ɗaya.

Sai batun nisa, wanda ya fi su duka cutarwa domin lokaci yake taɓawa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan makirufo ɗaya aka kafa, yana kusa da ganga, yana nesa da bes da mita biyar, to sautin bes zai iso a makare da kusan kashi 15 cikin 1,000 na daƙiƙa. A magana wannan ba komai ba ne. A kiɗan da rayuwarsa ta rataya ga haɗuwar yatsan mai bes da sandar mai ganga a kan farantin ƙarfe, ya isa ya sa a ji kamar yaron na jan ƙafa. Kuma ba a yi wa mai bes zargin da ya fi wannan muni.

Ba wai sai da kayan miliyoyi ba. A ranar 7 ga Nuwamba, 1940, wasu samari biyu masu sha'awar kiɗa, Jack Towers da Dick Burris, suka nemi izinin Ellington suka naɗi wasan ƙungiyarsa a wani zauren rawa da ke Fargo, jihar North Dakota, da na'urar yanka faifai ta tafi-da-gidanka. Aka ajiye naɗin shekaru, aka fitar da shi kasuwa a 1978, har ya ci kyautar Grammy. Duk wanda ya saurare shi zai ji Blanton tangararas. Sun san inda za su ajiye makirufo, shi ke nan.

Yadda shirin ya tunkari matsalar

Abu na farko da shirin ya yi daidai shi ne ya sa kowa ya kaɗa abu ɗaya. Idan yaro ya naɗi abin da ransa ke so ya tura, mai gyara ba shi da ma'auni sai ɗanɗanonsa. Amma idan makarantu da yawa suka turo kiɗa guda, wanda kuma asalinsa na nan a faifai, to alƙali ya san inda tarko yake. Ya san layin da bes ke shiga shi kaɗai, ya san inda masu busa ke cika wuri har mai bes ya ruɗe ya ƙara sauri. Gyaran da zai rubuta zai sauka a kan wuri takamaimai, malami ya ɗauki takarda ya nuna wa yaro da yatsa.

Na biyu, ɓoye sunan makaranta. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Na uku shi ne batun amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kuma yana da tarihi. Bes kayan kiɗa ne mai sanyin murya idan aka gwada shi da kakaki goma. Tun 1946 wani mai suna Everett Hull ya ƙirƙiro dabarar sa ƙaramin makirufo a cikin bes ta wajen tsinken da yake tsayawa a kai, daga nan kamfanin Ampeg ya samo sunansa. Zuwa shekarun 1970, tsirkiyar ƙarfe ta kori ta hanjin dabba a hannun yawancin makaɗa, an kwantar da tsirkiyoyi kusa da katako don sauƙin dannawa, an manna na'urar ɗaukar sauti a kan gadar da ke ɗauke da su, ana zarcewa da waya kai tsaye cikin na'urar naɗi. Yatsu suka samu gudu, amma amon ya koma wani zuuu mai kama da kukan ƙudan zuma, ƙamshin katakon ya tafi. A shekarun 1980 'yan gidan Marsalis na cikin waɗanda suka yi wa wannan salo bore. Delfeayo Marsalis, wanda ke shirya faifan 'yan'uwansa, har rubutawa yake a bangon faifai cewa an guje wa waccan hanya ta zarce da waya don a ji katako.

Wannan ra'ayi ne ya shiga cikin shirin. Bayanan da ke rakiyar takardun kiɗan suna jaddada cewa kiɗan Ellington na kunne da ɗaki ne, a rage amfilifaya iya ragewa, kuma bai kamata bes ya yi ƙarar kakaki ba. A aikace ma'anar haka biyu ce. Yaro dole ya koyi fitar da amo da hannunsa: ya ja tsirkiyar da naman yatsa, nauyin ya taho tun daga kafaɗa, ya bar katakon ya yi magana. Sauran ƙungiyar kuma dole su rage murya har su ji shi. Ni a ganina wannan na biyun ya fi na farko amfani, domin mai gangar da ya saba sassauta hannu don ya ji bes ya riga ya koyi rabin sana'arsa.

Ga mai gyara kuwa, ribar a fili take. Amfilifaya na ɓoye rauni. Yaron da ke shafa tsirkiya sama-sama zai iya cika ɗaki da ƙara idan aka murɗa masa maɓalli, kuma babu wanda zai gane sai ranar da wuta ta ɗauke.

Abin da kunnen gwani ke bi

Duk malamin bes da aka ba naɗi, lokaci yake fara dubawa. Ba wai ko yaron ya bi agogon kiɗa daidai ba kawai. Tambayar ita ce ko shi da mai ganga sun yarda da juna a kan inda bugun yake. Akwai mai bes da ke zama a goshin bugu yana tura ƙungiya gaba, akwai mai zama a tsakiyarsa, kuma duka biyun halal ne matuƙar da gangan ake yi kuma ba a sauyawa a tsakiyar hanya. Abin da ke fallasa ɗan koyo shi ne wuraren sauyi: idan aka fita daga sashe mai sanyi aka shiga mai zafi sai ya ruga, idan aka zo layi mai wuya sai ya ja baya.

Daga nan sai tsawon sauti. Ɗan koyo kan ɗaga yatsan hagu da wuri don ya shirya wa sauti na gaba, sai a samu 'yar kafa tsakanin kowane taku, tafiyar ta koma tsalle-tsalle. Gwani kan riƙe sautin har sai na gaba ya karɓe shi. Wannan yana fitowa sarai ko a naɗi marar kyau, kuma yana daga cikin gyaran da mutum zai iya yi cikin 'yan makonni idan an nuna masa.

Saiti, wato ko yatsa ya sauka daidai inda sautin yake, ya fi wuyar kamawa. Sautin da aka fizga yana mutuwa da wuri, ga shi a ƙasa can, don haka kuskure kan sulale. Shi ya sa malaman jaz da yawa ke tilasta wa ɗalibi gwaji da baka ko da ba zai taɓa goge a dandali ba, domin baka ba ya rufa asiri. Blanton kansa bai tsira ba. Masu sharhi sun daɗe suna nuna cewa a wuraren da ya yi amfani da baka a naɗin nan na Oktoban 1940, saitinsa kan ɗan kauce. Yaron da aka rubuta wa irin wannan gyara ya san a layin wa ya tsaya.

Abin da ya fito daga ciki

A gasar 1996, ƙungiyar makarantar LaGuardia ta birnin New York ce ta zo ta ɗaya. Cikin 'yan ƙungiyar akwai mai bes Carlos Henriquez, haifaffen unguwar Bronx a 1979. A 1998, da gama sakandare, ya shiga ƙungiyar Wynton Marsalis da babbar ƙungiyar Jazz at Lincoln Center, kuma ya zama mai bes ɗinta na dindindin. Ya kuma yi aiki da manyan kiɗan Latin irin su Tito Puente da Eddie Palmieri. Tun da babbar ƙungiyar Jazz at Lincoln Center kan naɗi kiɗe-kiɗen shirin don makarantu su samu abin koyi, ɗaliban da suka biyo baya da yawa hannunsa suka saurara kafin su naɗi nasu.

Ba zan ce gasar ce ta yi shi ba. Yaro ne da ya tashi a New York, ya samu malamai a shirin yara na makarantar kiɗa ta Juilliard, yana kewaye da makaɗa ta ko'ina. Gasar ta sa an ji shi a lokacin da ya dace. Ribar shirin ta gaskiya tana wajen ɗaruruwan da ba su taɓa taka New York ba, waɗanda takardar gyara kawai ta iso musu. Akwai ma damar makaranta ta tura naɗi don neman gyara zalla, ba tare da shiga gasa ba, kuma ni wannan ƙofa na fi ganin darajarta.

Inda abin ya gaza

Kunne ba ya ganin hannu. Yawancin matsalolin ɗan koyon bes a jiki suke: tsinken ƙasa ya yi tsawo ko gajarta, babban yatsan hagu na matse wuyan bes kamar mai shaƙe kaza, kafaɗa ta ɗage, wuyan hannu ya karye. Mai sauraro zai iya jin sakamakon, ya ce amo ya shaƙe ko saiti na zamewa, amma sanadin sai an gani. Ƙungiyoyin da suka kai ƙarshe ana tura musu ƙwararre har makaranta ya zauna da su kafin gasar. Sauran kuwa sai dai malaminsu ya fassara takardar, kuma malaman kiɗan sakandare da yawa mabusa ne, ba su taɓa riƙe bes da sunan sana'a ba.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika son faɗa ba. A yau takardun kiɗan kyauta ake ba makarantu, amma bes ba kyauta ba ne. Ko na katakon liƙe-liƙe, wanda makarantu suka fi saye, ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga kuɗin tsirkiya, ga na mai gyara da zai daidaita gada. Yaron da ke fama da bes ɗin da tsirkiyarsa ta tsufa ta mutu zai sha gyara a kan laifin da ba nasa ba. Ba mamaki sunayen wasu makarantu ke ta maimaituwa a jerin zakaru. Garfield da Roosevelt, dukansu a birnin Seattle, kowace ta ci gasar fiye da sau ɗaya, kuma duka biyun sun daɗe da tsayayyun malamai da iyayen da ke tara kuɗi don kiɗa.

Na ƙarshe shi ne faɗin filin. Daga baya shirin ya shigo da ayyukan wasu mawallafa, irin su Benny Carter da Mary Lou Williams da Count Basie da Dizzy Gillespie, amma har yanzu kiɗan babbar ƙungiya ne, inda aikin bes ya fi karkata ga riƙe tafiya. Akwai wata hanyar daban da Scott LaFaro ya buɗe tare da mai fiyano Bill Evans, inda bes ke sakin bugu ya shiga hira da fiyano kamar tsara. Sun naɗi shahararren wasansu a gidan Village Vanguard na New York ranar 25 ga Yuni, 1961, LaFaro ya mutu a haɗarin mota cikin watan Yuli yana ɗan shekara 25. Yaron da zuciyarsa ta karkata can ba zai samu wurin nuna hakan a cikin kiɗe-kiɗe ukun da makarantarsa za ta tura ba. Wannan sai ya nemi mai fiyano da mai ganga, su naɗi nasu daban, ya kai wa malamin da zai zauna ya saurara da lasifikar kirki.